Allon Sakatare: gwajin tab a madadin laftof a ƙungiyarmu ta manoman shinkafa

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Laftof ɗin ƙungiya ta mutu ranar Laraba da daddare, ina tsakiyar tace sunayen waɗanda za su shiga noman rani na bana. Na ja janareta ya tashi, na jona caja, sai na ji ƙauri. Jiya na kai ta wurin mai gyara a cikin Argungu, ya buɗe cikinta ya nuna mini fankar, ƙura ta dunƙule a jikinta kamar audugar katifa. Ya ce zafi ya daɗe yana cin ta, wutar janareta ƙarasa ta kawai ta yi. Ban yi masa gardama ba. Tun 2016 muke tare da ita, bayan an ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, na bashin manoma daga Babban Bankin Najeriya, a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, lokacin da kowace ƙungiya ta ga dole ta samu rijista mai tsari. Ko a lokacin ta hannu muka saye ta. Batirinta kuwa ya shekara uku da mutuwa, in ba a jone take da wuta ba ko minti biyar ba ta yi.

Mu 214 ne a ƙungiya. Aikin da nake yi da kwamfuta ba shi da yawa amma ba ya ɗaukar kuskure: rijistar mambobi, wa ya karɓi buhu nawa na taki da iri da litar fetur nawa bashi, wa ya biya da shanshara bayan girbi, sai wasiƙu da rahoton da muke kai wa banki da kamfanin da ke sayen shinkafarmu.

Na tambayi farashin wata ta hannu mai ɗan kyau, aka ce mini naira 290,000. Dala ta haura 1,600, komai ya bi ta. Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar Aliero ya ƙara ja mini kunne, ya ce Microsoft ta sanar za ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma yawancin tsofaffin laftof ɗin da ake jibgewa a kasuwa da araha ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ya ce, "Kawu, me zai hana ku gwada tab? Aikinku duk tebur ne da lissafi." Tab ita ce na'urar nan mai kama da babbar waya da ake dannawa da yatsa, tebur kuma jadawalin lissafi na Excel yake nufi.

Na yanke shawarar in riƙa rubuta yadda abin ke tafiya, don sakatarorin ƙungiyoyi irina a Augie da Suru da Bunza duk matsalarmu ɗaya ce.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na kai maganar gaban shugabanni bayan la'asar. Baba Alhaji, shugabanmu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam Sakatare, wanga abin da yara ka kallon ƙwallo da shi, shi za mu ba amanar dukiyar mutane?" Aka yi dariya. Na ce, "Allah shi daɗe da ran Baba, alƙalami ma ana rubuta wasiƙar banza da shi, ana rubuta Alƙur'ani." Ma'aji shi ba ruwansa da wannan, da ya ji bambancin kuɗin ya haura dubu ɗari sai ya gyara zama ya koma bayana.

An amince bisa sharaɗi biyu. Babban littafin rijista na takarda ba za a ajiye shi ba, duk abin da ya shiga na'ura sai ya shiga littafi. Sannan bayan girbi zan zo in faɗi gaskiyar abin da na gani, ko da ta kunyata ni.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mun je Birnin Kebbi ni da yaron nan, kuma na gode Allah da ban je ni kaɗai ba. Shago na farko aka ciro mana wani mai ƙyalli a kwali, an rubuta ma'ajiyarsa ta kai ta babbar kwamfuta, har da kibod da alƙalami kyauta, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Ni har na fara lissafin canji. Yaron ya karɓa ya danne-danne, ya raɗa mini cewa irin waɗannan ana sauya musu rubutun ciki ne su riƙa nuna ƙarya, ka zuba fayil su cika tun ba a je ko'ina ba. Araha ba ta ado. Muka yi sallama muka fita.

Abin da muka saya: tab mai Android na kamfanin da aka sani, sabo a kwali, RAM (inda yake riƙe ayyukan da ke buɗe) gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, yana ɗaukar layin waya da katin ajiya, ƙarfin batirinsa ya ɗan haura mAh 7,000. Naira 178,000.

Abubuwa biyu muka tsaya a kansu da gangan. Na farko girman sikirin. Ƙa'idar Microsoft ita ce Word da Excel na waya ana gyara rubutu a cikinsu kyauta in sikirin bai wuce inci 10.1 ba, in ya wuce sai da biyan kuɗin rijista. Shi ya sa muka bar masu inci 11 duk da sun fi kyan gani, muka ɗauki mai 10.1 daidai. Na biyu kuma iPad. A nan kowane tab "aifad" ake ce masa, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo, kuma akwai na hannu masu kyau a kasuwar. Amma iPad ɗin da ba ya ɗaukar layi ba shi da GPS, na'urar gane inda mutum yake tsaye, a cikinsa, mu kuwa muna son awon gonaki, sannan manhajar KoboCollect da za mu cike fom da ita ta Android ce.

Muka ƙara riga mai tsayawa 9,000, gilashin kariya 4,000, da 'yar jona ta OTG don fulash 3,500. Mai shagon ya ce in haɗa da kibod, na ce sai na ga buƙata.

Lahadi, 1 ga Disamba

Mai gyara ya ciro ma'ajiyar tsohuwar laftof ya kwafe mini komai a fulash. Alhamdu lillahi, ba abin da ya ɓata. Na jona fulash ɗin a tab, fayilolin suka buɗe.

Sai dai wani malamin gona da ya taɓa taimaka mana ya saka mana maɓalli a cikin teburin bashi, in na danna shi sai ya fitar wa kowane mamba takardarsa daban. A tab maɓallin yana nan amma gunki ne. Excel na Android ba ya tafiyar da irin wannan umarnin da ake kira makro. Dabarun lissafi na yau da kullum, tarawa da ninkawa da nemo suna, duk suna aiki. Wannan ɗaya ne ya tafi, kuma shi ne wanda ke rage mini aikin kwana biyu.

Asabar, 14 ga Disamba

Mako biyu ke nan muna rijista a fadama, kuma a nan ne na fara ganin abin da laftof ba ta taɓa yi mini ba a shekara takwas.

Da can yadda ake yi, in zauna a ofis, manomi ya zo ya ce gonarsa kadada ɗaya ce, in rubuta. Kowa gonarsa kadada ɗaya ce in ana rabon taki, in an zo biyan bashi kuma ta koma rabi. Ba wai ƙarya suke yi duka ba, da yawa ba su taɓa auna ta ba, gado ce, iyakarta daga wancan dutsen zuwa waccan giginya. Yanzu sai in rataya tab a jakar buhu, in hau mashin, mu taka gefen gonar ni da mai ita, na'urar tana ɗiga alama, mu dawo inda muka fara ta ba da faɗin. Kadada murabba'in mita 10,000 ce. A cikin gonaki 61 da muka taka zuwa yau, waɗanda suka cika kadada ba su kai ashirin ba. GPS ɗin yana iya kaucewa da 'yan mitoci, don haka ba na amfani da shi wajen rikicin iyaka, wannan aikin hakimi ne da dattawa. Amma don a san buhun taki nawa ya dace da gona, ya isa har ya yi yawa.

Wani dattijo da awonsa ya fito kashi shida cikin goma na kadada ya dube ni ya ce, "Malam, allonka ya cinye mini gona." Tun daga ranar sunan ya bi shi, kowa allon Sakatare yake cewa. Ni ma na daina cewa tab in ina cikinsu.

Fom ɗin KoboCollect ba ya buƙatar sabis a lokacin cikewa. Suna, unguwa, lambar waya, hoto, awon gona, irin da zai shuka (yawanci Faro 44), yawan rijiyoyin burtsatse da ke gonar, injinsa na fetur ne ko na gas ko na sola. Duk yana ajiyewa a ciki, in na dawo gari inda sabis ke da ƙarfi in tura. Amma in faɗi gaskiya, tsara fom ɗin kansa ba a tab muka yi shi ba. Mun gwada, jan tambayoyi da yatsa a shafin intanet ya gagare mu, sai da muka biya kuɗin awa biyu a shagon kwamfuta. Wannan shi ne karo na farko da na koma wa kwamfutar tebur, na rubuta shi don kada in manta.

Batir kuwa ba a magana. Ina fita bayan asuba da shi cike, in dawo bayan la'asar da saura. Cajar tsohuwar laftof wat 65 ce, shi kuwa cajar waya ta ishe shi. Na sayi fawabank mai ƙarfin mAh 20,000 a kan naira 32,000, yana cika shi kusan sau biyu. Tun da na fara ban tayar da janareta don aikin ƙungiya ba ko sau ɗaya, ga litar fetur ta haura naira dubu.

Asabar, 28 ga Disamba

Mata 47 ne a ƙungiyarmu, wasu suna da gonaki, yawancinsu masu turara shinkafa ne. Shekara da shekaru rijistarsu ta bakin mazajensu ko 'ya'yansu nake yi, shi ya sa lambobin wayarsu rabi ba nasu ba ne. Ni ba zan shiga gidajen mutane ba, su kuma ba za su zo ofis su yi layi da maza ba.

Hajiya shugabar mata ce ta kawo mafita. Ta ce, "Malam, ba ni allon in ba ɗiyata, ta san kan abin." 'Yar tata tana karatu a Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ta zo hutu. Minti goma na nuna mata, ta saka shi cikin jaka ƙarƙashin hijabi, ita da mahaifiyarta suka bi gida-gida. Kwana uku suka gama duka. Wadda ba ta son hoto aka bar wurin hoton fayau, ba dole. An samu mata tara da suka buɗe asusun banki nasu ban sani ba.

Na zauna ina tunanin da laftof ce, da sai an nemi tebur, a nemi soket, a koya wa yarinya inda fayil yake. Wannan kuwa duk wanda ya iya waya ya iya shi.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama. Allon ba shi da fanka, ba ƙofar da ƙura za ta shiga sai ramin caji, ina share shi da tsinken ashana a hankali. Matsalar yatsa ce: in hannu ya jiƙe da ruwan wurin renon iri sikirin sai ya riƙa danna abin da ya ga dama. Na saka tsumma a jaka.

Litinin, 13 ga Janairu

An fara dashe, mun yi rabon taki zagaye na farko, kamfa da yuriya, buhu mai kilo 50. Mutum ya zo, in nemo sunansa, hotonsa ya fito, in rubuta abin da ya ɗauka, ya dangwala a littafi. Muna da Abubakar goma sha ɗaya da Muhammadu sha huɗu, bara har an ba wani takin wani saboda sunan uba ma ɗaya ne. Bana hoto ya raba gardama.

Da dare ya yi na zauna shigar da lissafin cikin tebur, nan na gane mai shagon ya fi ni gaskiya. Kibod ɗin sikirin yana cinye rabin fuskar, layi biyar kawai nake gani, in danna wannan gida yatsa ya faɗa na kusa da shi. Na aika aka sayo mini kibod na Bluetooth 21,000, da katin ajiya 11,000 saboda hotuna.

Kibod ɗin ya zo da tasa rigimar. A sikirin, in na zaɓi Hausa a Gboard, manhajar kibod ta Google, ɓ da ɗ da ƙ suna nan a hannu. A kibod na waje babu su, haruffan Turanci ne zalla. Rabin sunayen na shigar da su da ƙugiya a fadama, rabi kuma ba ƙugiya a gida, sai ya zama in na nemi "Dan" ba ya kawo mini "Ɗan", a wurin na'ura haruffa biyu ne daban. Na ɓata dare guda ina neman mutum uku da suke nan daram. Yanzu na ba kowa lambar mamba, da ita nake nema, sunan kuma in na zo harafi mai ƙugiya sai in miƙa hannu in taɓa sikirin. Wasiƙa mai shafi ɗaya da Hausa takan sa hannuna ya yi ta kai da kawo kamar mai saƙa.

Asabar, 25 ga Janairu

Na sha kunya a banki ranar Alhamis. Na tura jerin lambobin asusun mambobi, aka kira ni aka ce 38 daga ciki ba su cika ba. Lambar asusu goma ce, nawa tara-tara. Duk wadda ta fara da sifiri, teburin ya ɗauke ta a matsayin adadi ya share sifirin, haka ma lambobin waya, 080 ta koma 80. Wannan ba laifin tab ba ne, kowane teburin lissafi haka yake yi in ba a gaya masa cewa gidan na rubutu ba ne. A tsohon fayil malamin gonan nan ya riga ya saita, ni kuma da na buɗe sabo ban sani ba. Abin da zan ɗora wa tab shi ne, a ƙaramin sikirin ban lura ba, kuma neman inda ake sauya saitin ya ci mini kusan awa guda, don an ɓoye shi can cikin wani jeri.

A makon nan kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Na rage girman hotunan da fom ke ɗauka, na kuma hana shi sabunta manhajoji da kansa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Rahoton tsakiyar kaka. Shafi tara, da tebura huɗu, da Turanci, ga kamfanin da ke sayen shinkafarmu. A laftof yini ɗaya nake yi. Wannan ya ci mini dare huɗu.

Rubutun kansa ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce aikin da ke son ido biyu: ka duba tebur, ka kwafo adadi, ka koma wasiƙa, ka sake komawa ka tabbatar. Ana iya raba sikirin gida biyu, amma inci goma in an raba shi kowane ɓangare bai fi tafin hannu ba. In kuma na bar ɗaya na daɗe a ɗayan, sai in dawo in tarar ya rufe ya sake buɗewa daga sama, RAM 4 ba ta riƙe abu da yawa a lokaci guda. Tebur da na jera tsaf a Word ya karkace da na ƙara layi, jan gefensa da yatsa kuwa kamar kama tarwaɗa. Na sayi linzami na Bluetooth 8,500, ya rage zafi, bai warkar ba. Wuyana har yanzu ciwo yake saboda sunkuyo.

Sai bugawa. Firintar ƙungiya tsohuwa ce mai igiya, da Windows ta saba, ba su ga maciji da tab. Yanzu tana ƙarƙashin tebur an lulluɓe ta da buhu. Duk takardar da zan buga sai in mai da ita PDF, in tura wa mai shagon kwamfuta ta WhatsApp, in aiki yaro ya karɓo. PDF ɗin dole ne, in na tura Word yadda yake sai ya buɗe a kwamfutarsu layuka sun goce. Abin da ke damuna a nan ba kuɗin bugun ba ne kaɗai. Takardar da ke ɗauke da bashin mutane da lambobin asusunsu tana kwana a wayar wani. Mutumin kirki ne, na roƙe shi ya riƙa gogewa, amma ba haka ya kamata ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ma'aji ya ce in kawo masa rasit duka. Muka zauna muka tara: tab 178,000, riga da gilashi da jona 16,500, fawabank 32,000, kibod 21,000, katin ajiya 11,000, linzami 8,500. Jimla 267,000. Laftof ɗin da aka yi mini tayi 290,000 ce.

Ya cire tabarau ya ce, "To Malam Sakatare, ina dubu ɗarin da munka ce mun tsira da ita?" Na ce ta tafi a hankali, dubu tara yau, dubu ashirin gobe. Kusan duk abin da na ƙara a kan allon kansa, in ka duba, ƙoƙari ne na mai da allo ya zama laftof: in ba shi ƙafa ya tsaya, in ba shi kibod, in ba shi linzami, in ba shi ramin fulash. Ita laftof da su aka haife ta.

Amma na ce masa ya buɗe shafin fetur na bara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk daren da na yi aikin ƙungiya sai janareta ya sha lita ɗaya ko biyu. Bana shafin fari fat. Kuma wannan sabo ne da garantinsa, waccan ta hannu ce, ba wanda ya san shekarun batirinta. Ya yi shiru yana danna kalkuleta, ya ce sai bayan girbi zai yanke hukunci. Ni ma haka.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kai rabi, zafi ya sauko da ƙarfinsa. Irin waɗannan na'urori an yi su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa yanzu da hantsi mun wuce nan, da azahar ana haura 40. Ranar Talata ina duba gonakin da suka fara fitar da kai, sai sikirin ya dusashe da kansa har ba na ganin komai, ya rubuto cewa ya yi zafi ya dakatar da caji. Na cire masa riga na ajiye shi a inuwar bukkar masu korar tsuntsayen jan baki, bayan kamar minti ashirin ya dawo hayyacinsa.

Na sauya tsari. Fadama daga asuba zuwa ƙarfe goma, ba na cajinsa a rana, ba na barinsa cikin akwatin mashin. Aikin tebur sai bayan tarawihi. Da ma jikina ma abin da yake so ke nan.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya ranar Lahadi. Washegari na dawo daga gaisuwa na tarar yara sun kewaye allon suna kallon wasan yara, ƙaramin ya taka shi da gwiwa. Gilashin kariya ya tsage gida uku, sikirin na ciki bai taɓu ba. Naira 4,000 ta tsare 178,000. Na tuna maganar Baba Alhaji ta ranar farko, ban dai gaya masa ba. Laftof ba ta taɓa ba yara sha'awa ba, wannan kuwa kamar alewa. Na saka masa lambar sirri, kuma yanzu a kulle yake kwana a akwatin ƙungiya.

Abin ya tsorata ni ta wata fuskar. Da ya mutu a ranar, fom ɗin rijista suna can a intanet, amma teburin bashi a cikinsa kaɗai yake, sai littafin takarda da ke bin bayansa da mako biyu. Yanzu duk Juma'a ina kwafe shi a fulash in ba Ma'aji, in kuma ɗora a Google Drive, kyautar gigabait 15 ɗin da suke bayarwa ta ishe mu shekaru.

Asabar, 19 ga Afrilu

Waɗanda suka yi dashe da wuri sun fara yanka. Jiya muka gwada karɓar bashi na farko a bakin masussuka, mutum bakwai. A ɗora buhu a sikeli, in ɗauki hoton allurar sikelin da buhun, in rubuta kilo, tebur ya cire daga bashinsa nan take, in juya masa allon ya gani da idonsa. Wani ya ce in karanta masa, na karanta, ya ce in sake, na sake, sannan ya ce a tura wa ɗansa ta WhatsApp. Bara irin wannan lissafin sai bayan sati biyu yake fitowa daga ofis, kafin nan an manta buhu nawa aka auna, rantsuwa ta fara.

Baba Alhaji ya tsaya a bayana yana kallo har muka gama. Da za mu tashi ya ce, "Ƙaƙa, allon nan ya gadi marigayiya ko bai gade ta ba?" Na ce, "Baba, bai gade ta ba. Littafin aljihuna ya gada, da igiyar awo, da kyamara. Kujerarta tana nan ba kowa." Ya ce to in zo da wannan maganar taron bayan girbi.

Abin da zan kai musu ke nan. Allon ya zauna a fadama, can ne gidansa. Aikin tebur kuwa sau uku ko huɗu ne a shekara, rahoto da tsara fom da fitar wa kowa takardarsa, kuma mai gyara ya ce in an samu uwar kayan ciki (motherboard) ta irin tsohuwar laftof ɗinmu a Kano zai iya tayar da ita da kuɗin da bai kai na kibod da fawabank ba. In ta tashi, firinta ma ta tashi, maɓallin malamin gona ya dawo. Na ba direban da ke zuwa Kano ranar Litinin lambar samfurin a takarda.

Kafin nan akwai mutum 207 da ba su biya ba, kuma sikelin aro ne, ranar Laraba za a karɓe shi.